Shuɗiya da Tsatsarta, Zuwa ga Auta Mai Tafiya Gusau

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Safiya, Autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Ubangiji Ya kai ki Gusau lami lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar da aka tura ki koyarwa. Babanki ma ya ce in sa gaisuwarsa a nan, ko da yake yana zaune kusa da ni yana tambaya wai mi nike rubutawa haka ba ƙarewa.

Na san za ki yi dariya, ki ce muna gida ɗaya Inna ta koma yi mini wasiƙa. To, ai na lura da ke. Duk sa'ad da na ɗauko zancen motar nan sai ki ce, "Inna, na ji," idonki kuma na kan akwatin da kike shiryawa. Magana iska ce, takarda kuwa tana jiran mutum har ranar da ya nutsu.

Tun da muka yanke shawarar ki tafi da Shuɗiya nake juya abin a raina. Idon Babanki ya daina ganin hanya sosai, ni kuma na ajiye aikin asibiti, ba inda nake zuwa sai kasuwar Yelwa da gidajen suna. Ke ce mai buƙatarta. Sai dai ba sabuwar mota muka ba ki ba. Salun ce mai ƙofa huɗu wadda ba ta girme ki ba amma ta riga ki tsufa, kuma tana da ciwo guda da ya kamata ki sani, wato tsatsa. Na daɗe ina zama da wannan ciwo nata, na yi wauta iri-iri a kansa, kuma har yau bai daina ba ni mamaki ba.

Kina ƙarama ƙwarai lokacin da ta zo, ban san abin da kika riƙe ba. Ina aikin unguwarzoma a nan Yelwa, ana yawan tura ni Shanga da Wara da ƙauyukan bakin ruwa, na gaji da jiran motar kasuwa da jakar aiki a cinya. Sai Babanki ya ji labarin wani ɗan kasuwar albasa da ya zo da mota daga Ikko yana son sayarwa. Muka je gani. Wallahi Auta, ni launin kawai na gani. Shuɗi ne mai duhu kamar rinin turmi, kujerun kuma jajaye masu laushi. Na zauna gaban sitiyari, na taɓa wancan na murɗa wannan, rediyo ta kama. Babanki ya buɗe bonet ya saurari inji, ya gyaɗa kai kamar likita, ya ce lafiyarta lau. Shi malamin gona ne, abin da ya sani na inji bai wuce na injin ban ruwa ba. Ba wanda ya durƙusa a cikinmu. Ƙasan motar nan ko leƙawa ba mu yi ba.

Daga baya ne na ji cewa iskar bakin teku gishiri gare ta, kuma motar da ta yi shekaru tana shaƙarta takan zo da tsatsa ɓoye a lungunanta. Ko da ita Shuɗiya ta zo, ko mu muka jawo mata, har gobe ban tabbatar ba. Ni da Babanki mun sha gardama a kai. Abin da na tabbatar shi ne, duk abin da za ki mallaka ki zauna da shi, kada ki ji kunyar ɓata zanenki wajen duba shi. Ki shimfiɗa tabarma ki kwanta ki leƙa. Wanda zai yi miki dariya ba shi zai hau ba.

Son da na yi mata shi ya jawo kuskurena na gaba. Kowace Asabar sai in kwashe ku mu gangara bakin ruwa wankin mota. Ina shigar da ita har ruwa ya kai rabin taya, ku yi ta watsa mata da ƙwarya, ciki da waje. Ke aikinki goge fitilu. Nakan sa a sheƙa ruwa har kan kafet, don ƙarnin kifin da mutanen ƙauye ke cusa mini in na karɓi haihuwa. Sai mu rufe ƙofofi mu dawo gida, in lulluɓe ta da tamfol don kada rana ta cinye fentin. A ganina ba motar da ta kai tawa gata a ƙasar Yawuri.

Wata rana muna dawowa daga Shanga sai na ji ku a baya kuna ta ƙus-ƙus da dariya, ke da yayanki. Na ce, "Kai, mi kuke yi?"

Kuka yi tsit. Can sai ke kika ce, "Inna, kallon hanya muke."

"To ku kalla mana, ga taga nan."

"A'a, ta ƙasa muke kallo. Ta fi gudu."

Na tsaya gefen hanya na zagayo. Kun ɗaga kafet, ga rami a daben motar wanda hannun yaro zai shige, gefensa ja-ja kamar bakin tsohuwar tukunyar ƙarfe. Ashe kun daɗe da gano shi, ta nan kuke zubar da ɓawon gyaɗa, kuka haɗa baki kada a gaya wa Inna don kada a toshe muku. Na sa yatsa na danna gefen ramin, sai ƙarfen ya ruguje kamar ɓawon ƙwai. Na taɓa abin da ke ƙarƙashin kafet ɗin, wani abu kamar bargo da ake shimfiɗawa don rage ƙara, na ji shi sharkaf, alhali rabonmu da wanki an kwana biyu.

Ban yi faɗa ba. Tsayawa na yi ina mamaki. Ni da nake wanke ta don ta daɗe, ashe jiƙa ta nake ina rufewa, ta kwana ta wuni cikin gumi. Don haka ki ji: ki wanke ta, ban hana ba, amma ruwa kada ya shiga ciki. In ya shiga, ki fitar da kafet ki shanya, ki bar ƙofofi buɗe har daben ya bushe ƙayau. Tamfol kuwa ki bar shi nan gida, mun mai da shi na shanyar shinkafa. Inuwa mai iska ta fi shi. Kuma in Allah Ya ba ki ɗiya, duk ranar da kika ji sun yi shiru a bayan mota, ki tsaya ki duba.

Na kai ta wurin Bawa, mai walda da gyaran jikin mota da ke bayan tasha. Kin san shi, shi ne mai kiran ki Malama tun kina firamare. Ya toshe ramin, sannan ya zagaya motar yana shafa ta da tafin hannu. Ya nuna mini ƙasan ƙofofi da bakin madigadi, inda fenti ya kumbura ƙuraje-ƙuraje.

Ya ce mini, "Malama, wanga abu daga ciki yake tasowa. Gyaran iri biyu ne. Ko in yanke wurin duka in sa sabon ƙarfe, motar ta jima nan. Ko in goge sama, in cike da fila, ƙullin nan da muke yaɓawa, in fesa fenti, jibi ki ɗauka."

Na ce, "Wanne ya fi kyan gani?"

Ya yi dariya ya ce, "Ranar ɗauka duk ɗaya suke."

Sallah ta matso, muna da tafiya Birnin Kebbi gaida dangin Babanki, ina son in shiga garin da mota mai sheƙi. Na ce ya cike ya fesa. Ya ce to. Ta fito kamar amarya, an yaba ƙwarai. Damina ɗaya ta wuce a kanta sai ƙurajen suka dawo, sun ma fi na da faɗi. Wata safiya na rufe ƙofa da ɗan ƙarfi, wani ɓangaren filar ya ɓamɓaro ya faɗi gabana kamar yaɓen bango. Abin da ke bayansa ya riga ya zama gari.

Ni da na yi shekaru ina hana mata ɗaure gyambo ba a wanke shi ba, ga shi na yi da hannuna. In mai gyara ya ba ki zaɓi, Auta, kada ki tambaye shi wanne ya fi kyau ko wanne ya fi sauri. Ki tambaye shi wanne zai yi in motarsa ce. Kuma kada ki kai gyara kina da ranar da kike son burge wani.

Yanzu ga ranar da ta sa na ɗauki alƙalami. Kina cikin motar, amma barci kike, kuma abin da aka gaya miki daga baya raha aka mai da shi. Ina son ki ji shi yadda ya faru.

Ƙarshen damina ne, mun je Wara duba wata ƙawata, muna dawowa bayan la'asar, ni da ke kaɗai. Sai ga wani mutum tsakiyar hanya yana ɗaga hannu biyu. Masunci ne, sunansa Ɗanjuma, daga wani tsibiri cikin tafki. Ya gane motar, don a wancan lokaci duk yankin an san shuɗiyar motar Malamar asibiti.

Ya ce, "Malama, don Allah. Matata ce, tun jiya take naƙuda. Mun ƙetaro da ita cikin jirgi, tana nan bakin ruwa, ba mota."

Na ce ya shigo. Muka saki babbar hanya muka bi wani ɗan burtali mai gangara zuwa mashigin jirage. Gangaren ba wani mai tsanani ba ne, amma dogo ne, ruwan sama ya zaizaye shi. Daga sama ina hango komai: jirage a ɗaure, mata masu soya kifi, yara, da wani taro ƙarƙashin rumfa inda aka kwantar da matar. Hanyar kuma kai tsaye take sauka kan rumfar nan.

Na taka birki don in rage gudu. Ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga. Na ɗago na sake takawa, na sake. Babu komai.

Ban yi ihu ba, ban san dalili ba. Na ji bakina na cewa Innalillahi, hannuna kuma ya kama giya na mayar da ita ta biyu, inji ya yi ƙara, motar ta ɗan ja baya kaɗan ta ci gaba. Na ja birkin hannu a hankali, ya kama rabi-rabi, don shi ma wayarsa ta yi tsatsa. Na danne hon ban saki ba. Mutane suka fara watsewa, amma matar da ke kwance ba ta iya tashi, tsofaffin da ke riƙe da ita kuma suka ƙi barin ta.

Ɗanjuma ya ce, "Dama, Malama! Taru! Bi kan taru!"

A hannun dama akwai tulin taru da koma da masunta suka jibge kan rairayi. Na karya sitiyari da iyakar ƙarfina. Tayoyin gaba suka nutse cikin yashi, hancin motar ya shige cikin tarun, ta yi wani tsalle ta tsaya cik. Tsakaninmu da rumfar bai fi tsawon tabarma ba.

Na waiwaya. Kin faɗo daga kujera zuwa ƙasa, kin tashi zaune kina murza ido, kika ce, "Inna, mun iso?"

Na ce, "Mun iso."

Ba lokacin zama. Na ɗauki jakar aiki na nufi rumfa. Sunan matar Lami, cikin fari ne, ta galabaita. Da na duba sai na ga ɗan da ƙafa ya taho. Irin wannan haihuwa asibiti take so, kuma da niyyar kai ta asibiti na gangaro, ga shi motar ta zama gunki. Na sa mata suka kewaye mu da zannuwa, aka tafasa ruwa a tukunyar suyar kifi bayan an wanke ta tas. Na ce, "Lami, ni da ke da Allah ne yau. In na ce yunƙura ki yunƙura, in na ce dakata ki dakata, ko da kin ji kamar za ki mutu." Ta gyaɗa kai.

Allah Ya taimake mu. Kafin rana ta faɗi yarinya ta fito, shiru da farko, na goge ta na hura mata, sai ta tsala kuka. Ɗanjuma ya zauna dirshan cikin yashi ya rufe fuska da hula. Ke kuwa na same ki gindin wata tsohuwa kina cin soyayyen warangi, 'yan ƙananan kifin nan na tafki, ba abin da ya dame ki. Sunana suka sa wa yarinyar, amma ba mai kiran ta da shi. 'Yar Mota ake ce mata har yau.

A ƙauyen muka kwana. Da safe wani Bafulatani ya kawo shanun huɗa biyu suka jawo Shuɗiya daga cikin yashi, masu tarun kuma suka ƙi ko sauraron zancen gyaran abin da na yaga musu. Aka aika Yelwa, Bawa ya zo cikin motar kasuwa. Ya shige ƙarƙashi, jim kaɗan ya fito da wani siririn bututu ya miƙo mini. Shi ne mai kai man birki zuwa tayoyin baya. Na lanƙwasa shi da yatsu biyu, ya karye kamar busasshen kara. Laka ta daskare a kansa shekara da shekaru, tana shan ruwa tana riƙewa, tana cin sa a hankali, har ranar da na taka ya fashe.

Bawa ya yi wa birkin gyaran wucin gadi, muka lallaɓo da ita, duk tsawon hanyar komawa gida kuma abu ɗaya nake tunani. Da matar nan aiki take buƙata, irin wanda sai likita, da ba ni da yadda zan yi. Da kuma ba a jibge tarun nan a wurin ba. Ban ƙarasa wannan tunanin ba ko sau ɗaya, kuma ba zan ƙarasa shi a nan ba.

Da muka isa garejin Bawa ya hau da ita kan rami, na ce zan shiga. Ya ce, "Malama, wurin duk baƙin mai ne." Na ɗaure zane na sauka. Ranar na fara ganin ƙasan motar da na yi shekaru ina tuƙawa. Ban taɓa sanin haka take ba: ga salansa, ga tankin mai, ga bututai siri-siri suna bin juna kamar jijiyoyi, ga dogayen ƙarafa biyu da dukan jikin ke zaune a kansu. Bawa ya ba ni ƙaramar guduma muka bi ta muna ƙwanƙwasawa. Inda ƙarfe ke da rai sai ya amsa da ƙara mai zaƙi. Inda ya mutu sai ka ji dum, gari ya zubo maka a ka. Na manta da tsoron jiya, na shiga tambaya kamar ɗaliba. Me ya sa nan ya ci, nan bai ci ba? Me ya sa kusa da inji, inda mai ke ɗiga, ƙarfen yake sumul? Me ya sa ƙasan but ya fi ko'ina lalacewa, alhali ruwa ba ya shiga can?

Wannan ta ƙarshe Bawa ya ce shi ma tana ba shi mamaki, bai taɓa ganin but ya ruɓe haka ba.

A wannan karo na ce ya yanke duk inda ya mutu. Ta daɗe a wurinsa, na koma hawan motar kasuwa ban yi ƙorafi ba. Ya sauya bututan birki duka da wayar birkin hannu, ya sa sabon ƙarfe a dabe da but da ƙasan ƙofofi, ya shafe ƙasanta da kwalta. Facin da kike gani in kin ɗaga kafet, na lokacin ne.

Amma tambayar but ta ƙi barina. Sai na tara kwalaben magani da aka gama da su, na wanke, na sayo ƙusoshi sababbi. Na jera kwalaben a tagar ɗakina. Wata na zuba ruwan tafki, wata ruwan rijiya, wata ruwan gishiri, wata jiƙaƙƙiyar laka, wata ruwan kanwa. Wata na tafasa ruwan na zuba man gyaɗa a samansa. Kowace na jefa mata ƙusa. Babanki ya shigo ya tsaya yana kallo.

Ya ce, "Yanzu kuma ƙusa za ki karɓa wa haihuwa?"

Na ce, "So nake in ga wadda za ta riga mutuwa."

Ya ce, "To ga wani, ki ƙara da shi," don ya tsokane ni. Ya ɗebo takin zamani cikin buhun da ke zaure ya zuba a kwalba da ɗan ruwa.

Kullum da safe kafin in tafi aiki sai na duba su. Ta cikin tafasasshen ruwa da mai a sama ta zauna fes kamar ranar da aka saye ta. Ta kanwa ma ba ta yi wani abu ba, abin da ban zata ba ke nan. Ta ruwan tafki ta yi ja a hankali. Ta laka ta fi ta. Ta gishiri ta yi muni. Amma ta takin Babanki, Auta, ita ce ta ba kowa kunya, ta kumbura ta yi ɓawo ta rine ruwan jawur. Na kai masa kwalbar har gaban tabarmarsa na ajiye. Ya dube ta, ya dube ni. Duk farkon damina a but ɗin Shuɗiya yake kai taki gonarmu ta hanyar Shanga, buhu ya yage ya zube, a share na sama a bar na lungu.

Ya ce, "To ai gara da ni na gano."

Wani abu kuma da na lura: ƙusar da rabinta ke cikin ruwa rabi a waje ta fi wadda ta nutse duka lalacewa, kuma daidai bakin ruwan take ci. Na gaya wa Ɗanjuma da ya kawo mana kifin suna, ya ce haka sarƙar jirginsa take yi, bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Muka zauna ni da shi da Babanki muna ta hasashe. Ke da kika karanta kimiyya kin san amsar a takarda, na sani, kin ma taɓa yi mini bayanin iska da ruwa. Amma ina ba ki shawara ki jera wa ɗalibanki kwalabe a taga su gani da idonsu. Yarinyar da ta ga ƙusa ta kumbura ba za ta manta ba.

Akwai wadda har yau ban warware ba. Gefen hagu na motar nan ya fi na dama saurin tsatsa, ko bayan gyara. Na sauya inda nake ajiye ta, na juya mata fuska, na zargi indararo, na zargi tumakin maƙwabta da ke kwana jikinta. Ban samu ba. Gusau ta fi mu bushewa, ba tafki, ba raɓar bakin ruwa. Ki lura mini ko hagun zai ci gaba da halinsa a can, ki rubuto mini. Da gaske nake.

Sauran abin da zan ce gajere ne. Da kin isa, kafin ki san kasuwa, ki nemi makanike mai rami, dattijo wanda ba ya jin haushin tambaya. Ki gaishe shi da girmamawa, ki shiga ramin tare da shi tun ranar farko, don ya san irin mai motar da ya samu. Bayan kowace damina a kankare lakar da ke maƙale a ƙasa da cikin madigadi, a shafa baƙin mai. Ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ƙananan huji na fitar ruwa, ki riƙa zura musu tsinke. Taki da gishiri kada su kwana a but, ko na shugabar makaranta ne, ki ba ta haƙuri cikin ladabi. Kowace safiya kafin ki motsa ki taka birki ki riƙe, in kin ji ƙafarki na nutsewa a hankali, ki kashe mota ki tafi da ƙafa. Kuma za a roƙe ki ɗauka, mara lafiya ko mai naƙuda, don mai mota a unguwa ba ta kanta ba ce ita kaɗai. Ki ɗauka. Saboda su ne nake son ƙasan motar ya zama lafiyayye, ba saboda kyan gani ba.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi yi mini nauyin faɗa. Kafin mu ba ki ita na sa Bawa ya sake bin ta da guduma. Ya ce dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da jikin suna da sauran rai, amma ba na har abada ba, kuma su ba a yi musu faci a dogara da shi. Wata rana wani makanike zai fito daga rami ya gaya miki sun tafi. Na san halinki, za ki ce motar Inna ce, ba za ki bari ta ƙare a hannunki ba, za ki nemi wanda zai lallaɓa miki ita ki kawo ta gida. Kada ki yi. Ban yarda ba, Babanki bai yarda ba. Ki cire abin da ke naki a ciki, ki bar wa masu gyara su amfana da abin da ya rage, ki je tasha ki hau motar haya. In na ji sallama a ƙofar gida, ba ƙarar inji nake sauraro ba, muryarki nake jira.

Allah Ya yi miki albarka, Ya kiyaye gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya da sharrin mai mugun nufi. Ya sa ki amfani 'ya'yan mutane da aka damƙa miki, Ya sa su amfane ki. Kada ki bar addu'ar hawa abin hawa ko tafiyar ta kusa ce, kada kuma ki yi wasa da salla a kan hanya. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ce Innarki,
daga Yelwa.